Birkin Aro: Tarihin Birkin Mota da Hanyar Gaya

Ya kai mai karatu, sau nawa ka hau mota daga Gaya zuwa Dosso, ko zuwa Kamba ranar kasuwa? Ka tambayi kuɗin mota. Ka tambayi kuɗin kaya. Wataƙila har ka yi gardama a kan wurin zama. Amma ka taɓa tambayar lafiyar birki? Da wuya. Alhali kuwa ranka da na dukan fasinja yana rataye ne ga wannan ɗan ƙarfe da ke ɓoye bayan taya.

Motocin da mu ke hawa yawancinsu sun tsufa. Kayan da ke jikinsu ba duka ne na asali ba. Sau da yawa makaniki ya kan ciro birkin wata irin mota ya ɗaura wa wata. Wani don ya rasa na asali, wani kuma don yana so motarsa ta fi kama birki. To, wannan aro yana da tarihi, yana kuma da ƙa'ida. Ka biyo mu sannu a hankali ka ji.

Kafin zuwan mota

Gaya tsohuwar mashiga ce. Tun kafin Turawa, fatake daga ƙasar Hausa su kan bi ta Gaya ko ta Illo su ƙetare kogin Kwara. Daga nan su shiga ƙasar Bargu, su bi ta Nikki da Jugu, har su kai Gwanja inda a ke sayen goro. Suna tafe da kanwa, da tufafi, da fatu. Gishirin Foga ma yana cikin kayan da a ke safara a wannan yanki.

Abin hawansu jaki ne, da takarkari, da ƙafa. Jaki ba ya bukatar birki. In ka ce masa ya tsaya, ya tsaya. In ya ga rami, shi da kansa ya kan ja tunga. Ayari ya kan yi watanni a hanya, amma ba a jin labarin ayari biyu sun yi karo har mutane sun mutu.

Gyaɗa, jirgin ƙasa da kadarko

Da Faransawa suka kama ƙasa, sai suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano, a bakin teku, ta nufo arewa. A 1936 ta iso Paraku, tafiyar kilomita 438. Nan ta tsaya. Daga Paraku zuwa bakin kogi akwai saura fiye da kilomita 300, sai dai mota ta ƙarasa.

A 1953 gwamnatin Faransawa ta fito da wani shiri da ta sa wa suna Hirondelle, watau tsattsewa. Dā gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta kan bi ta Kano ne zuwa Ikko. Shirin ya ce a riƙa juyo da wani kashi nata ta Dosso da Gaya zuwa Paraku. Manyan motoci su tafi da gyaɗa, su komo da siminti da mai da sauran kayan kanti. A lokacin babu kadarko, jirgin fito ne ke ƙetarar da motoci. A 1958 aka gama kadarkon farko tsakanin Gaya da Malanbil. A 1959 ƙasashen Nijar da Dahome suka kafa hukuma ɗaya mai kula da jirgin ƙasan da motocin, wadda daga baya aka sani da OCBN. Daga 1971 kuma, ma'adinin uraniyam na Arlit ya fara bin wannan hanya. Daga baya aka ƙara kadarko na biyu.

Jirgin ƙasa bai iso Gaya ba. Ko layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai, wanda ya kai Dosso a 2016, bai ƙaraso ba. Saboda haka nauyin ƙasa guda ya hau kan tayoyin mota. Inda motoci suka yi yawa kuwa, nan makanikai su kan taru, da masu walda, da masu faci, da masu sayar da kayan gyara. Haka Gaya ta zama garin direbobi da karnukan mota.

Asalin birki

Bari mu bar Gaya kaɗan, mu leƙa ƙasar Turai inda aka ƙago mota. Birkin farko ba kome ba ne illa guntun katako. In direba ya ja sanda, katakon ya danne ƙafar keken doki, ta rage gudu. Motocin farko ma haka aka yi musu.

A watan Agusta na 1888 wata mata Bajamushiya mai suna Bertha Benz ta ɗauki motar da mijinta ya ƙera, ita da 'ya'yanta biyu. Ta yi tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, daga garin Mannheim zuwa Pforzheim. Katakon birkin ya cinye saboda gangare. Me ta yi? Sai ta nemi baduku, ya buga wa katakon fata. Ka ga ke nan, tun ran gini tun ran zane. Wannan gyaran birki, da kayan aro aka yi shi, a hannun mai sana'ar gargajiya.

A 1902 wani Bafaranshe, Louis Renault, ya fito da birki mai ganga. Gangar ƙarfe ce kamar kwanon tuwo da aka kife, tana juyawa tare da taya. A cikinta akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata. In an taka birki, su buɗe su goge cikin gangar. Wani Baturen Ingila, Herbert Frood, shi ya shahara da yin abin da a ke manna wa takalman. Kamfaninsa shi ne Ferodo, sunan da tsofaffin direbobi suka sani.

Da farko waya da sandunan ƙarfe ne ke kai ƙarfin ƙafar direba zuwa tayoyi. Waya ta kan saki, wata taya ta kama, wata ta ƙi. Wajen 1918 wani mutumin Amurka, Malcolm Loughead, ya gano dabarar amfani da mai. Mai ba ya matsuwa. In ka danna shi a wannan bakin tiyo, da wannan ƙarfin zai fita a wancan bakin. Sai aka sa babban famfo a ƙarƙashin ƙafar direba, makanikai suna ce masa masta. Daga shi tiyo ya rabu zuwa tayoyi huɗu. A 1921 aka fara sayar da mota mai irin wannan birki a Amurka. Kamfanin Ford bai karɓi dabarar ba sai 1939. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka riƙa raba hanyar man gida biyu, don in ɗaya ta fashe ɗayar ta tsai da mota.

Manyan motoci kuwa, irin su Berliet da suka daɗe suna bin hanyar Paraku, birkin iska gare su. Wannan dabara daga jirgin ƙasa aka aro ta. George Westinghouse ne ya ƙago ta a Amurka a 1869. Shi ya sa ka ke jin tirela tana huci in ta tsaya, shi ya sa kuma direba ba ya tashi da safe sai iska ta cika tankinta.

Faifai da awartaki

Kafin mu ci gaba, ka riƙe abu guda. Aikin birki shi ne ya mai da gudu ya zama zafi. Ka goga tafin hannunka biyu da ƙarfi, za ka ji ɗumi. To, haka birki ya ke, sai dai zafinsa ya kan kai ƙarfe ya yi ja. Ganga kuwa rufaffiya ce, zafi ba ya fita da sauri. In ta yi zafi ƙwarai sai ta buɗe, takalman su kasa kama ta sosai. Direba ya taka, ya ji mota tana ta tafiya abinta.

Maganin wannan shi ne birki mai faifai. Faifan ƙarfe ne a buɗe, iska tana bugunsa ta kowane gefe. A bakinsa akwai wani ƙarfe da ya rungume shi, kamar yadda awartakin maƙeri ke kama ƙarfe a wuta. Makanikan da suka koyi aiki a Nijeriya suna ce masa kalifa. A cikin awartakin akwai fistin, da 'yan alluna biyu masu cin faifai. Su ne a ke kira filaket a wajenmu, a Nijeriya kuma fad. In mai ya turo fistin, filaket biyun su matse faifan, taya ta tsaya.

Wani Baturen Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar wannan dabara tun 1902, amma ƙarafan zamanin ba su iya ɗaukarta ba. Sai a 1953 ta yi suna. A shekarar nan motar Jaguar mai birkin faifai ta ci tseren Le Mans a Faransa, tseren da a ke yi dare da rana har awa 24. Ba don ta fi sauran ƙarfin inji ta ci ba. Birkinta ne bai gaji ba. A 1955 kamfanin Citroën ya sa faifai a gaban motarsa DS, wadda a ke sayar wa jama'a da yawa.

Mu nan, ta hannun Peugeot faifai ya iso mu, motar da mu ke kira Fijo. Peugeot 404 ta fito a 1960 da ganga a tayoyi huɗu. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka fara sa wa wasunsu faifai a gaba. Peugeot 504 ta fito a 1968. Ƙaramar, watau salun, faifai gare ta gaba da baya. Doguwar mai jerin kujeru uku, da bashe mai ɗaukar kaya, faifai a gaba, ganga a baya. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Turai ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka. A 1979 kuma ƙanwarta 505 ta fito, an gina ta bisa tsarin 504, don haka kayansu da yawa dangin juna ne.

A 1978 aka ƙara wata dabara mai suna ABS, da fari a manyan motocin Mercedes. Na'ura ce mai hana taya ta daskare ta riƙa jan ƙasa. In ka taka birkin irin wannan mota da ƙarfi, za ka ji yana kaɗawa ƙarƙashin ƙafarka. Wannan ba ɓaci ba ne, aikinsa ke nan.

Yadda aro ya zama sana'a

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin uraniyam da na man fetur ke shigowa, mai hali ya kan sayi mota sabuwa fil, ya sayi kayan gyara a kantin kamfani. Daga baya al'amari ya juya. A 1986 Nijeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Dā da dala goma ka ke sayen faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai da dala ashirin. Duk abin da ke zuwa daga Turai kuɗinsa ya ninka, har da filaket da faifai da man birki.

Sai kasuwa ta koma ga motocin hannu. Jiragen ruwa suka riƙa sauke tsofaffin motocin Turai a tashar Kwatano, da yawansu daga ƙasar Beljiyam. Direbobi su jero su ayari-ayari, su ƙetare kadarkon Gaya. Waɗansu su tsaya a Nijar, waɗansu su zarce Nijeriya. Tare da su aka riƙa shigo da injuna da ƙafafun mota da aka kwance. Toyota da Opel da Volkswagen da Nissan suka cika tasha. A dā makaniki ya san Fijo kamar yunwar cikinsa. Yanzu ga shi da iri ashirin, kowace da nata awo.

Ga kuma rufe iyaka. An tsai da zirga-zirga tsakanin Nijar da Dahome a ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A Janairu 2017 ta hana shigo da motoci ta iyakar tudu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, an rufe kadarkon Gaya, manyan motoci suka yi dogon layi a Malanbil. A 2024 Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe, kaya suka koma bin hanyar Lome, mutane kuma suka riƙa ƙetarewa da kwalekwale. Duk sa'ad da hanya ta toshe, kayan gyara su kan yi wuya. Mai mota kuwa ba zai ajiye ta ba, don ita ce gonarsa.

To, ina mafita? Makaniki ya duba tsibin tsofaffin ƙarafa, ya nemo wanda ya yi kama. Daga Gaya har kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wannan basira ta rayar da motoci dubbai waɗanda a Turai da tuni an narkar da su. Abin yabo ne. A Turai da Amurka ma akwai masu yin aron, sai dai su don sha'awar gudu su ke yi. Su kan ciro babban faifai da awartakin babbar mota su ɗaura wa ƙarama. Mu kuwa bukata ce ta kai mu. Amma ƙarfe bai san sha'awa ba, bai san bukata ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce ko'ina.

Ƙa'idar aro

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A wajen birki, yana iya rufewa, in an auna. Kamfani ɗaya ya kan yi wa motoci iri-iri birki guda, musamman motocin gida ɗaya. Irin wannan aro ba shi da laifi. Inda haɗari ya ke shi ne a ce, "Ai ya yi kama." Ga abubuwan da makanikin kirki ke dubawa.

Na farko, ramukan noti. Salun ɗin 404 noti uku gare ta a kowace taya, ta 504 kuwa huɗu. Ko yawan ramukan ya zo ɗaya, tazararsu da faɗin ramin tsakiya sai sun zo daidai. In an faɗaɗa rami da zarto don kusa ta shiga, faifai ba zai zauna a tsakiya ba. Zai riƙa rawa, sitiyari ya riƙa kaɗawa, filaket ya cinye a karkace.

Na biyu, kauri. Akwai faifai falle ɗaya, akwai kuma mai falle biyu da ramukan iska a tsakani. Mai falle biyu ya fi saurin hucewa, amma ya fi kauri, sai awartaki mai faɗin baki. Faifai da awartaki da filaket 'yan ɗaki ɗaya ne. In za a aro, a aro su tare.

Na uku, mazaunin awartaki. Kusoshi biyu ne kawai ke riƙe da shi, kuma duk ƙarfin tsai da mota a kansu ya ke sauka. In ramukan ba su hau ba, waɗansu su kan ɗebo guntun ƙarfe su yi walda. Wannan waldar tana iya yin wata shida lafiya, ta tsinke ranar da yaro ya ɓullo a guje gaban mota. Kusoshin ma na musamman ne, akwai lamba a kansu mai nuna ƙarfinsu. Kusar ƙofar gida ba ta maye gurbinsu.

Na huɗu, girman fistin. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Babban fistin ya fi shan mai. A misali, in ka cire mai faɗin milimita 48 ka sa mai 54, bambancin a ido kaɗan ne, amma man da zai sha ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. In masta ƙarami ne, sai ƙafar direba ta nutse har ƙasa kafin birki ya kama. Wanda ya canza awartaki, dole ya duba ko mastansa zai iya ciyar da shi.

Na biyar, daidaiton gaba da baya. In mota ta ci birki, nauyinta ya kan zubo gaba, shi ya sa birkin gaba ya fi yin aiki. Maƙera motar sun riga sun raba ƙarfin bisa awo. In baya ya fi ƙarfin da aka tsara, tayoyin baya su daskare, gindin mota ya juyo gaba. In gaba ya yi yawa, tayoyin gaba su daskare, sitiyari ya daina jin magana. Motoci da yawa, har da 504, suna da wani ɗan famfo a baya mai auna nauyin kaya. In an ƙara wa mota sifirin don ta ɗauki lodi, ba a daidaita wannan famfo ba, awonsa ya ɓaci.

Na shida, hagu da dama. Ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya. In an yi haka mota za ta riƙa fizga gefe duk sa'ad da aka taka birki. Kowane awartaki kuma yana da ɗan bakin fitar da iska, wanda dole ya dubi sama. In an sa na hagu a dama, bakin ya koma ƙasa, iska ta maƙale a ciki, birki ya yi laushi kamar an taka soso.

Na bakwai, a tabbata babban faifai da awartakinsa ba sa gugar cikin wili, tiyo kuma ba ya miƙewa in an karya sitiyari har ƙarshe.

Akwai kuma faifai mai hudoji a fuska, irin na motocin tsere, wanda samari ke sha'awa. Yana da kyaun gani. Amma ya kan tsage daga bakin hudojin in ya sha zafi, laka da yashi kuma suna cika su. Motar da ke bin jar hanya da damina ta fi dacewa da faifai sumul mai kauri.

Abin da babban birki ba ya iyawa

Mai mota ya kan ce, "Na sa mata birkin babbar mota, yanzu ko lodi nawa na yi za ta tsaya." Wannan magana tana da gyara. Birki taya ya ke kamawa, taya ce ke kama ƙasa. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannunka ba. In taya ta suɗe, ko hanya ta jiƙe, ko yashi ya hau kwalta, birkin tirela ma ba zai cece ka ba. Amfanin babban faifai shi ne jure zafi, a dogon gangare ko in ana yawan tsayawa. Ba ya ƙara wa taya farce.

Ga kuma lissafin da ya kamata kowa ya haddace. In gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya kan ninka sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta bukaci mita 15 kafin ta tsaya, a gudun 100 mita 60 za ta bukata. Ban da wannan, motar da ke gudun 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa guda, tun direba bai ɗaga ƙafa ya kai kan birki ba. Lodi ma haka. In nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. Doguwar 504 domin mutum bakwai ko takwas aka yi ta. In an cusa goma sha biyu, aka ɗora buhunan gero da jarkokin mai a bisa, an ɗora wa birki aikin da ba a ɗauke shi dominsa ba. Direban da ya san aiki, in zai sauka gangare da lodi, ya kan koma ƙaramin giya tun daga sama, inji ya taya birki riƙo.

Man birki shi ma yana tsufa. Ya kan sha laimar iska a hankali, ga Gaya kuwa tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Sabon mai mai lamba DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai awo 230. In ya sha ruwa, yana iya tafasa tun a 155. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, birki ya tafi ƙasa babu kamu. Don haka a ke canza shi duk shekara biyu. Baƙin mai, ko man gyaɗa, ko ruwan sabulu, ba sa maye gurbinsa. Baƙin mai yana kumbura robobin ciki, ruwan sabulu yana kawo tsatsa, yana kuma saurin tafasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari da casa'in ne ke mutuwa a hanya kowace shekara. In an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi yawan asara, ko da ya ke motocinta ba su kai na sauran nahiyoyi yawa ba.

Abin da ya rage gare ka

In kai mai mota ne, ko kana tara kuɗin saye, ka riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kaya. A gefen faifai akwai lamba mai nuna iyakar sirancin da zai yi kafin a jefar da shi. A murfin kwalbar man birki an rubuta irin man da motar ke sha. A kwalin filaket an jera sunayen motocin da ya dace da su. In makaniki ya ce zai sa maka na wata mota, ka tambaye shi, "Maigida, na wace mota ce? Ka auna? Za a yi walda?" Gwani ba ya jin haushin tambaya. Bayan gyara kuma, a gwada motar a fili, a hankali, babu fasinja.

In ɗanka yana koyon aiki a gareji, ka gargaɗe shi kada ya hura ƙurar birki da baki. Shekaru da yawa ana yin filaket da takalman ganga da wani ma'adini mai suna asbestos, wanda ƙurarsa ke ɓata huhu bayan shekaru. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi gaba ɗaya a 2005, amma ba duk ƙasashe suka hana ba. Ya riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

In kuwa kai fasinja ne, kana da ido da kunne da hanci. Ka dubi tayoyi kafin ka biya kuɗi. Ka dubi cikin wili, in ka ga mai yana tsiyaya, alama ce. In mota ta tashi, ka lura da ƙafar direba. In sai ya taka sau biyu ko sau uku kafin ta tsaya, birkin ba shi da lafiya. In ka ji ƙarfe yana cin ƙarfe, filaket ya ƙare. In ka ji ƙauri a gangare, birki ya yi zafi, a tsaya ya huce. In kuma mota ba ta tsayawa sai karen mota ya diro da weji, to wannan ba motar hawa ba ce.

Kada ka ji kunyar magana. Ka gaya wa direba cikin ladabi. In bai ji ba, ka gaya wa shugabannin tasha. In abin ya ƙi, ka sauka ka jira wata. Kakanninka sun yi watanni a hanyar Gwanja sun komo gida da goronsu. Jinkirin awa guda a tasha ba zai hana ka cin kasuwa ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.